Kan Wani, Ihun Wani

A daren 7 ga Maris na 2020 kamfanin UFC ya jera faɗan kambu biyu a Las Vegas. Na farko na mata ne, Zhang Weili 'yar ƙasar Sin da Joanna Jedrzejczyk 'yar Poland. Minti 25 suka kwashe suna jibgar juna babu ja da baya, har goshin Joanna ya kumbura suntum, ko wanda ya san ta sai ya sake dubawa kafin ya shaida ta. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Ba su gama zama ba sai ga manyan baƙi: Israel Adesanya, haifaffen Legas da ya girma a New Zealand, da Yoel Romero na Kyuba, wanda ya ci azurfa a kokawar Olamfik ta 2000, ƙato ne da ko a hoto ka gan shi sai ka gyara zama. Alƙali ya ba da izini. Romero ya tako tsakiyar keji, ya kare fuska da hannu biyu, ya tsaya ƙyam. Adesanya ya ja nesa yana kallonsa. Da ya gaji da kallo ya matso, sai ya sha hagu guda a ido. Daga nan ya ɗauki darasi, ya koma sarar ƙafar Romero da shuri daga nesa har aka tashi. Kafin turmi na huɗu sai da alƙalin wasa ya roƙe su su yi wani abu da masu ba da maki za su samu na rubutawa. Adesanya ya ci da maki, kambunsa bai je ko'ina ba, mutanen da suka yi tafi ɗazu suka raka shi da ihu.

Ga wanda bai saba ba, damben keji, wato MMA, faɗa ne da aka halatta kusan komai a cikinsa: naushi, shuri, gwiwa, gwiwar hannu, kayarwa, shaƙewa, murɗe gaɓa har mutum ya bubbuga hannu alamar ya sallama. Turmi minti 5 ne, ana yin uku, in na kambu ne ko babban faɗan dare a yi biyar. Safar hannun 'yar siririya ce, ba irin ta damben zamani ba, kuskure guda ya isa a shimfiɗe mutum. In lokaci ya cika kowa na tsaye, alƙalai uku su haɗa maki. Tun da haka ne, ba a rasa masu taka-tsantsan, masu taɓawa su ja baya, da masu kayarwa su zauna a kan mutum har a busa. 'Yan kallo kuwa, in an sumar da wani duk halinsu ɗaya ne, tsalle da kururuwa. Sai an yi minti biyu ana zagaye ba a taɓa kowa ba, sannan kowa yake fito da nasa halin.

Mai fara magana kullum shi ne Sarkin Ihu. Haƙurinsa daƙiƙa 30 ne, in ya ci ya ƙoshi 40. A Amurka za ka hango shi a sahun baya da kofin giya a hannu, tumbi ya lulluɓe bel, yana kiran mutumin da ya yi wata uku yana atisaye safe da yamma rago. Ubangidansu duka wani saurayi ne da kyamara ta hasko a wani wasan UFC na 1997, ba riga, ya rubuta a ƙirjinsa da fenti cewa shi dai a zub da jini, yana cije haƙora jijiyoyin wuya sun tashi. Har yau hotonsa na yawo. Reshensa na wajenmu shayi yake sha, yana tsugune gaban wayar abokinsa wajen asuba, don faɗan da ake yi da daddare a Las Vegas lokacin yake iso mana. "Kai, shiga mana! Me kake jira, katin gayyata? Wallahi da ni ne, da tuni an wuce wurin." Rabonsa da faɗa tun aji huɗu na firamare, shi ma ɗin ƙanwar yaron ce ta ji tausayinsa ta raba. In za a yi masa allura sai ya kau da kai ya riƙe rigar nas. Amma ya san sarai yadda ake kutsawa cikin hannun Romero.

Sai dai a ba shi haƙƙinsa, ya biya. A Amurka kallon babban dare ɗaya a gida ya kai kusan dala 80 a 2023, ba a maganar kuɗin kujera a fili. Namu kuma ya biya da barci da data. Kuma irinsa ne suka raya wasan. A Afrilun 2005, kamfanin na ta tafka asara, Forrest Griffin da Stephan Bonnar suka yi minti 15 suna musayar naushi a talabijin, ba wanda ya tuna akwai wani abu wai shi kare fuska, kuma wannan faɗan ne har gobe ake cewa ya ceci UFC. Da a ce auna juna suka yi daga nesa, da yanzu wani wasan muke gardama a kansa.

Kusa da shi, ko da yake ba sa ga-maciji, akwai Farfesa. Shi ba ya ihu, tsaki yake yi wa masu ihu. Ya harɗe hannu, ya ɗan karkata kai, ya ce, "Ku ba ku gane ba ne. Wannan dara ce ake yi da jiki." In ka ce to kai ba ka ga an ci ko ɗa ɗaya ba, sai ya yi murmushin tausayi ya shiga lissafa maka abin da idonka bai kai ba: yadda wancan ya motsa kafaɗa don ya ga ko wannan zai ƙifta, yadda ƙafar gaba ta fita waje da rabin taku, yadda aka hana mutum tsayawa inda damansa za ta yi amfani. Abin haushin shi ne sau da yawa gaskiya yake faɗa. A Disambar 2010 a Montreal, Georges St-Pierre na Kanada ya yi turmi biyar yana tsikarar Josh Koscheck da ɗan miƙaƙƙen naushin hagu, irin wanda Sarkin Ihu ba ya ƙirgawa cikin duka. Aka tashi idon Koscheck na dama a rufe ruf, ƙashin da ya kewaye idon a karye. Duk mai cewa ba a yi faɗa ba ranar, ya je ya faɗa wa Koscheck.

Matsalar Farfesa, bai san inda ake tsayawa ba. Tun da ya gano yabon faɗa mai sanyi yana sa a ɗauke shi masani, sai bakinsa ya daina iya cewa wani faɗa ya gundure shi. A Mayun 2022 a Phoenix, ana gama kallon yadda Michael Chandler ya ɗauke Tony Ferguson da shuri guda a haɓa, Rose Namajunas da Carla Esparza suka shigo suka yi minti 25 suna gaisawa daga nesa, a kan kambu kuma. Masu sharhin kamfanin da kansu, waɗanda zuga faɗa ne abincinsu, sun kasa ɓoye gajiyarsu. Aka ba Esparza, alƙalai biyu da ɗaya. Farfesa ya fito ya ce shi kam ya ji daɗi, akwai darussa a ciki. Ƙarya yake yi. Akwai taka-tsantsan mai aiki, wanda mai shi yake cin abokin karawarsa kaɗan-kaɗan ba tare da an ci shi ba, akwai kuma wanda mutum biyu kowa ke jiran ɗan'uwansa ya fara, kuma Farfesa ya fi kowa sanin bambancin. Da za a leƙa wayarsa a turmi na uku, sakamakon ƙwallo yake dubawa.

Ɗan Namu ya fi kowa yawa, ina jin ma kowannenmu yana da katin ƙungiyarsa a aljihu. Shi kafin ya yanke hukunci a kan taka-tsantsan sai ya duba tutar da ke gefen suna. A Yulin 2020 a Abu Dhabi, lokacin korona, fili ba kowa, Kamaru Usman ɗan Auchi ya manna Jorge Masvidal da ragar keji, ya yi ta taka masa yatsun ƙafa da diddige yana bugunsa da kafaɗa har turmi biyar suka cika. Duniya ta yi ta tsaki. Ɗan Namu ya ce, "Basira ke nan, ɗan'uwa. Mutumin da ya sumar da Ben Askren da gwiwa a daƙiƙa 5, shi za a ba fili?" To, ba laifi. Amma a Satumbar 2024, da Merab Dvalishvili ɗan Jojiya ya yi wa Sean O'Malley aiki makamancin wannan, ya kayar ya danne, ya tashi ya sake kayarwa, sai Ɗan Namu ya ce wannan ai rungume-rungume ne, a mayar da shi gidan kokawa. In Khabib Nurmagomedov na Dagestan ne ya danne mutum ya naɗe masa ƙafafu, ladabtarwa ce, har da kabbara. In wani ne ya yi, ya kwanta a kan bawan Allah ya hana shi neman abincinsa. Ba ciwonmu ba ne mu kaɗai. A Oktoban 2018 magoya bayan Conor McGregor da yawa sun ga Khabib ɗin nan a matsayin mai riƙe-riƙe, don nasu ne a ƙasa.

Abin tausayin cikinsu shi ne Ɗan Gutsure. Bai taɓa kallon faɗa daga farko har ƙarshe ba. Iliminsa duka daga bidiyon daƙiƙa 20 ne da ake turowa a WhatsApp da TikTok, shi ya sa a tunaninsa kowane faɗa haka yake: a fito, a taɓa hannu, wani ya faɗi. Ya ga yadda Francis Ngannou na ƙasar Kamaru, wanda ya taso yana haƙar yashi a Batié, ya ɗaga haɓar Alistair Overeem da naushi guda a Disambar 2017. Ya kalla, ya maimaita, ya tura wa surukinsa. Sai ya ji an haɗa Ngannou da Derrick Lewis, wani gwanin sumarwa, a Yulin 2018. Ya sayi data, ya saita agogo, ya gargaɗi kowa kada a ƙifta ido. Ƙattin nan biyu suka yi minti 15 suna kewaya juna. Ƙididdigar kamfanin ta ce dukan kirki da ya sauka, Lewis 20, Ngannou 11. Alƙalin wasa Herb Dean sai da ya tsayar da su ya ja musu kunne kan ƙin faɗa. Ɗan Gutsure ya tashi yana rantsuwa sayar da wasan aka yi.

Ba a sayar ba. Kusan wata shida kafin nan Stipe Miocic ya yi turmi biyar yana kayar da Ngannou yana dannewa har numfashi ya gagare shi, kuma Ngannou da kansa ya fito bayan faɗan Lewis ya ce tsoron wancan daren ne ya biyo shi cikin keji. Jiki magayi. Haka St-Pierre. A Afrilun 2007 Matt Serra, wanda ba a ko sa shi a lissafi ba, ya rufe shi da duka a turmin farko ya karɓe kambu. St-Pierre ɗin da ya dawo mai lissafi ne, daga 2009 zuwa 2013 faɗa bakwai a jere da maki ya ci su, ana ta gunagunin ya daina neman kisa. Wannan ɓangaren labarin ba ya shiga bidiyon daƙiƙa 20.

Wanda na fi jin daɗin zama kusa da shi shi ne Ɗan Gidan Dambe. Ya zo da ma'auninsa daga gida, kuma ma'aunin ba shi da wuya: an yi kisa ko ba a yi ba? A damben gargajiya in gwiwa ko hannun mutum ya taɓa ƙasa an kashe shi, magana ta ƙare. In an yi turmi uku ba wanda ya faɗi, a ce babu kisa, a raba su. To zo ka gaya wa wannan mutumin wai wani ya ci saboda mutum uku masu biro a gefe sun rubuta 49 da 46.

"Malam, waye ya faɗi?"

"Ba kowa."

"To wa aka kashe?"

"Ba kowa, Alhaji."

"Amma an ba wancan ɗamara?"

"An ba shi."

Sai ya gyara hula ya yi shiru, irin shirun wanda ya ga abin da ya fi ƙarfin magana. Abin da ya fi ɗaure masa kai ma shi ne a kai mutum ƙasa, maimakon a ɗaga hannu a tashi, sai a ce yanzu aka fara. A nan suke haɗuwa da ɗan'uwansa na Nijar mai kallon kokawar takobi, don shi ma a wurinsa in an kayar an gama. In ka tuna masa cewa a gidan damben ma ana doguwar tsayuwa, hannu ɗaya a miƙe, ɗaurarren a ja baya, ana auna juna, kuma ana tashi babu kisa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, sai ya ce ai wannan daban, can ana kiɗa. Na daɗe ina juya maganar, kuma ban ga ta inda zan ƙaryata shi ba. Da Adesanya da Romero sun yi tsayuwarsu kalangu na tashi ana zuba kirari, da ihun nan ya ragu da rabi.

Tsohon Hannu kuwa, a wurinsa laifin duka na zamani ne. A da, in ji shi, maza ake yi, ba ruwansu da maki, ba mai auna musu abinci a sikeli. In ka ce wane da ɗin, sai ya ce farkon UFC mana, 1993, lokacin ba ajin nauyi. A nan ake jin daɗin tuna masa. A Afrilun 1995 Royce Gracie da Ken Shamrock minti 36 suka yi, mafi yawansa Shamrock na kwance a kan Gracie, aka tashi canjaras don ba alƙalan maki. A Mayun 1996 a Detroit, bayan kotu ta hana naushin kai da dunƙulallen hannu, Shamrock ɗin nan da Dan Severn suka yi kusan minti 30 suna zagaye, 'yan kallo suka yi ihu har suka gaji. A 2008 a Montreal Kalib Starnes ya yi turmi uku yana gudun Nate Quarry, gudu na gaske, har Quarry ya shiga kwaikwayonsa a tsakiyar keji, wani alƙali ya rubuta 30 da 24. Tsohon Hannu zai saurare ka har ka dire, sannan ya ce, "To ai yaro, ba waɗannan nake nufi ba."

Mai Baki Biyu shi ne ba a taɓa kayar da shi a gardama ba, kuma ba za a taɓa ba. Ya daɗe yana cewa Usman ba ya burge shi, riƙe-riƙe kawai. A Afrilun 2021 Usman ya shimfiɗe Masvidal da dama guda, ya ce yawwa, yanzu ka zama namiji. Agustan 2022 a Salt Lake City, Usman na gaba da maki a kan Leon Edwards, saura daƙiƙa 56 a tashi, suna tsaye a fili, Edwards ya nuna hagu da hannu ya sako ƙafar hagu a kai. Usman ya faɗi ido a buɗe. Kafin ya farfaɗo Mai Baki Biyu ya riga ya yanke: "Wauta! Kai ɗan kokawa, minti ɗaya ya rage, me ya hana ka rungume shi ka manna da raga?" Wato dai abin da ya yi shekara biyu yana zagi. A Afrilun 2024 Max Holloway yana gaban Justin Gaethje, saura daƙiƙa 10, ya nuna tsakiyar keji da yatsa a zo a yi musaya, ya sumar da shi saura daƙiƙa ɗaya. Mai Baki Biyu har ƙwalla ya yi don daɗi. Da naushin Gaethje ne ya riga sauka, ɗaya hukuncin na nan a shirye. In kuma shekaru suka ja, jarumin da ya yi ta zugawa ya fara faɗuwa da naushin da a da ko gezau, maganarsa ta fara nauyi, shi ne dai zai fara cewa cikin alhini ya kamata iyalinsa su hana shi. Sannan ya nemo wani sabon yaro mai taurin kai ya koma zuga shi.

Ɗan Caca ba ya buƙatar dogon bayani. In takardarsa ta ce faɗan zai kai ƙarshe, ba mai son zaman lafiya kamarsa: "A hankali yaro, ba gaggawa." In ta ce za a gama a turmi na biyu, ya fi Sarkin Ihu ihu.

Shi kuwa Mai Gyaran Doka da kundi yake yawo a ka. A rage faɗin kejin daga ƙafa 30 zuwa 25, a rasa wurin gudu. A dawo da katin gargaɗi irin na gasar Pride ta Japan, inda a da wanda ya ƙi faɗa ake nuna masa rawaya a yanke kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa. A riƙa bayyana maki bayan kowane turmi. A'a, kada a bayyana, wanda ke gaba zai fara gudu. Duk shawarwarinsa a kan ɗan dambe suke ƙarewa, ko kansa ko aljihunsa. Ban taɓa jin ya kawo wadda za ta taɓa aljihun mai gida ba.

Mai gidan, Dana White, wanda ke jan ragamar UFC tun 2001, shi ma ɗan kallo ne, sai dai shi in ya yi tsaki wani na iya rasa aiki. A Afrilun 2010, a wasan farko da kamfanin ya kai Abu Dhabi, Anderson Silva na Birazil ya yi ta yi wa Demian Maia rawa da tsokana a turamen farko, sannan ya koma zagaye. White bai jira a gama ba, ya miƙa wa manajan Silva ɗamarar ya bar wurin. A 2013 aka sallami Jon Fitch, mutumin da ya ci faɗa 14 a kamfanin, mafi yawa da dannewa. An kuma yi shekaru ana ba da tukuicin dala 50,000 ga faɗan da ya fi armashi da wanda ya fi iya gamawa, duk don a shiga a yi. Amma kwantiragin yawancin 'yan damben kashi biyu ne: kuɗin fitowa, da kwatankwacinsa in an ci. Wanda aka doke rabi zai kai gida, a ciki zai biya koci da manaja da haraji, in kuma aka doke shi biyu ko uku a jere ana iya sallamarsa. Ka gindaya wa mutum wannan sharaɗin, yana gaba da maki saura minti biyu, sannan ka zo kana mamakin ya ƙi fitowa tsakiya ya rufe ido ya yi ta wurgi da hannu. Mai ɗamara nasa ya fi haka, don ranar da ta kuɓuce masa manyan kuɗin sukan bi ta. Tafin 'yan kallo ba ya biyan kuɗin haya.

Wani lokaci kyamara kan hasko matar ɗan damben ko mahaifiyarsa a sahun gaba, ta rufe fuska da tafin hannu tana leƙe ta tsakanin yatsu. Ita kaɗai ce a filin da faɗan ke yi wa daidai in ya gundure kowa. Ba ta cikin wannan gardamar, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta.

Saura Mai Gyangyaɗi, wanda yake da 'yan'uwa har Ingila: a Yulin 2024 a Manchester an sa babban faɗa da asubar can don ya dace da agogon Amurka, aka yi ta ganin hotunan Turawa suna sharar barci a kujerun da suka biya da tsada, a daren da Belal Muhammad ya yi ta kayar da Edwards har ya karɓe kambu. Namu ya fi kowa ɗoki tun ranar Laraba. Shi ya tara mutane, shi ya kawo caja, shi ya sa aka dafa shayi. Faɗan share fage na yaran da ba wanda ya san sunansu duk ya kalle su garau. Ana fara kiɗan fitowar manya kai ya fara nauyi. Turmin farko ya ga rabinsa. Daga nan sai haɓa a ƙirji, baki a ɗan buɗe, jifa-jifa ya zabura ya ce "Haka ne!" ya koma. Ba ya farkawa sai mai sanarwa Bruce Buffer ya ɗaga murya yana karanto maki. Ya murtsuke ido, ya dubi wanda aka ɗaga wa hannu ya ga fuskarsa ko ƙwarzane babu, ya dubi ɗayan ya ga shi ma haka. "Fashi ne," in ji shi. "Wallahi fashi ne tsagwaronsa. Ni ban ga abin da ya yi ba." A kan wannan ta ƙarshen ba wanda ke musa masa. Kafin azahar ya zagaya majalisa uku yana ba da labarin faɗan turmi bayan turmi, har da abin da koci ya raɗa wa yaronsa a kunne.